Zango Kyauta Ne, Amma Sai Da Sallama

Tun ran da muka dawo daga hutu abokan karatuna su ke damuna da tambaya guda, wai ina ne mutum zai sami wurin da zai kafa tanti ya kwana a dajin Yusufari ba tare da ya biya ko kwabo ba. Sun ji labari mun yi kwana uku a tsakanin tuddan yashi, ni da abokaina biyu, sun kuma ga hotuna, kowa ransa ya biya. Maimakon in yi ta amsa wa mutum ɗaya ɗaya a ɗakin cin abinci, sai na ga gara in roƙi Edita ya ba ni fili in faɗi ra'ayina gaba ɗaya. Ra'ayin nan kuwa gajere ne. Wurin kwana kyauta yana nan da yawa a ƙasarmu, amma fa a bakin Bulama a ke samunsa. Wanda ya yi sallama ya samu. Wanda ya ƙi kuwa ya jawo wa kansa wahala, ya kuma rufe ƙofa ga waɗanda za su zo bayansa.

Bari in fara da wautar da na yi, gama da ita na sayi wannan wayo. A makarantar mishan inda na yi karatun farko ina cikin 'yan Sikawut. A can aka koya mini ɗaurin igiya da kafa tanti da hura wuta da ashana guda, aka kuma ba mu labarin Baden-Powell, wanda ya fara kai yara kwanan daji a wani ɗan tsibiri na Ingila cikin 1907. Saboda haka sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a wata firamare ta ƙasar Yusufari, na ga tuddan nan na yashi daga nesa suna ƙyalli da la'asar, sai na ce a raina ai ni gwani ne, ba abin da wani zai koya mini. Da aka tashi hutun Disamba na jawo abokaina biyu, muka shiga motar 'yan kasuwa, inda ta tsaya muka sauka muka ƙarasa da ƙafa.

Wajen la'asar sakaliya muka gangara wani kwari mai goriba da dabino, ga ruwa kwance a tsakiya. Ba shinge, ba bukka, ba kowa. Muka ce alhamdu lillahi, ga wuri ba mai shi. Muka kafa tanti dab da ruwa, muka karyo busassun rassan dabino muka hura wuta. Kafin tsakar dare sanyi ya sauko mana kamar a kwara ruwa, sauro kuwa sai ka ce gayyarsa aka yi. Muna cikin wannan hali sai muka ga fitilu suna gangarowa daga kan tudu. Mutum shida ne, da sanduna, ɗaya da baka. Aka daka mana tsawa, aka ce, "Su wane ne nan?" Kai, ran nan na san bakina yana iya rawa ba don sanyi kaɗai ba.

Suka tasa mu gaba har ƙofar Bulama. Dattijon ya fito da bargo, ya duba katinmu na kwaleji da fitila, ya dube mu, sa'an nan ya ce, "Samari, ku ne malaman da za su koya wa jikokina hankali, amma ku ba a koya muku sallama ba?" Muka durƙusa muka ce, "Baba, mun tuba, mun zaci wurin ba na kowa ba ne." Ya ce, "'Ya'yana, dabinon da kuka karya wa rassa na marayu ne. Inda kuka kafa ɗakinku hanyar shanu ce, da asuba za su gangaro shan ruwa, da sun bi ta kanku. Yaron da ya hango wutarku kuwa da gudu ya zo, ya ce ɓarayin shanu sun sauka. Da wani mai saurin hannu ya riga ni jin labarin, da yanzu wani zance a ke yi."

Da gari ya waye ya haɗa mu da jikansa, ya kai mu wani fili mai tauri a bayan tudu, ƙarƙashin wata aduwa, inda iska ba ta bugu, ana kuma hango gari. Aka aiko mana da fura da dabino. Muka yi kwana biyu a nan cikin kwanciyar rai, ba wanda ya karɓi ko anini a hannunmu. Ɗan sukari da ganyen shayi da muka kai masa ran tafiya ma sai da muka yi ta roƙo kafin ya karɓa. Da ɗan gari a kan ci gari, in ji masu magana, ni kuwa a daren nan na fahimci abin da su ke nufi.

To, abin da Bulama ya yi mana ba sabon abu ba ne, tsohuwar al'adar zango ce. Kakanninmu fatake da su ke zuwa Gwanja sayen goro sun yi watanni a hanya, kowane dare a wani zango, madugu ne ke shiga gari ya gai da sarki, a nuna musu inda za su sauke kaya da inda dabbobinsu za su sha ruwa. Ayarin raƙuman da ke kawo gishiri daga Bilma haka su ke yi, masu ɗaukar kanwa da mangul daga ƙasar Manga su ma haka. Da jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano cikin 1930, garin ya zama matattarar masu raƙuma da jakuna da ke kawo ƙaro da fatu da gyaɗa, kowannensu kuwa sai ya kwana a hanya kafin ya iso. Kalmar nan ta zango har ta zama sunan garuruwa, kamar Zangon Daura da Zangon Katab, a ƙasar Gana kuma har yau unguwar baƙi a Kumasi da Ankara Zango a ke ce mata. Watau mu ba baƙin kwanan fili ba ne. Abin da muka fara mantawa shi ne ladabinsa.

Wani zai ce, ai ƙasa ta Gwamnati ce, me ya kawo Bulama cikin zancen? Gaskiya ne, tun 1910 Turawa suka yi doka suka sa ƙasar Arewa duka a hannun Gwamna, aka sabunta ta cikin 1962, sa'an nan dokar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamnanta. Amma a lura da kyau, amana dokar ta ce, domin amfanin jama'a duka. Ta kuma bar wa ƙaramar hukuma ikon ba da filin karkara bisa al'ada, har hekta 500 don noma, hekta 5,000 don kiwo. Ƙaramar hukuma kuwa ba ta san kowace goriba ba. Lawani da Bulama su suka san wane ne ya gaji wane kwari, ina ne burtali, ina ne maƙabarta ta dā da yashi ya rufe.

Saboda haka mai neman wurin kwana ya kamata ya san ƙasar da ya ke gani fayau iri uku ce. Ta farko ita ce gandun Gwamnati. Cikin 1991, shekarar da aka yanke Jihar Yobe daga Borno, aka kafa Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Cadi. Yanki biyu daga cikin ukunsa a Yobe su ke, watau kwarurukan Bulatura a ƙasar Yusufari, masu faɗin murabba'in kilomita 92, da fadamar Bade da Nguru, inda tafkin Dagona ya ke, wurin da tsuntsaye ke zuwa tun daga Turai su yi hunturu. A irin wannan wuri izinin ma'aikatan gandu a ke nema, ba farauta, ba saran itace, in kuma sun ce a biya sai a biya. Ta biyu ita ce ƙasar da ke da mai ita ko da ba shinge, kamar gona da saura da lambun cikin kwari da wurin ɗiban kanwa. Ta uku ita ce dajin gari da makiyaya, wadda kowa ke da rabo a ciki. A nan ne zango na kyauta ya ke. Amma baƙo ba shi da yadda zai rarrabe ta biyu da ta uku da idonsa, musamman da rani, sa'ad da gona da daji duk suka zama yashi ɗaya. Matambayi ba ya ɓata.

Kada a zaci mu kaɗai ne ke sa sharaɗi a kan abin da a ke kira kyauta. A Amurka akwai wata hukuma da aka kafa cikin 1946, tana riƙe da filayen Gwamnatin Tarayya wajen eka miliyan 245, yawancinsu a yammacin ƙasar. A mafi yawansu mutum yana iya tsai da motarsa ya kafa tanti bai biya kome ba, amma kada ya wuce kwana 14 a wuri ɗaya cikin kwana 28, ya kuma kwashe shararsa duka. A Norwe dokar 1957 ta yarda wa kowa ya kwana a dajin da ba a nomawa ko da na wani ne, muddin ya yi nesa da gidan mutane da mita 150, kada kuma ya wuce dare biyu sai da izini. Su sun rubuta nasu a takarda, mu namu yana bakin dattawa. Amma manufa ɗaya ce: ka sauka, kada ka dame mai wuri, kada ka zaune, kada ka ɓata.

Yanzu ga abin da na koya game da zaɓen wuri, yawancinsa daga jikan Bulama, yaron da bai gama aji shida ba. Lokacin tafiya shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan an kawar da amfanin gona. Da bazara, cikin Afrilu da Mayu, zafi ya kan haura digiri 40, da damina kuwa ko'ina shuka ce. Ka isa gari da sauran rana, ka nemi ƙofar Bulama kafin ka sauke kaya, ka faɗi sunanka da inda ka fito da kwana nawa za ka yi. Kada ka kwana a gindin kwari kome kyaunsa, gama iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, da dare sai ta gangara ta taru a can, ga sauro, ga dabbobi masu zuwa ruwa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas ta ke busowa, saboda haka ka sa tudu tsakaninka da ita, amma ka ja baya daga gefen da ya yi tsaye, don yashinsa ya kan zubo. Kada ka tare burtali, kada ka matsa wa rijiya, domin mata su sami sakewa in sun zo ɗiban ruwa. Ka guji tsohon kututture da ramuka saboda kunama da kububuwa, da safe kuma ka kakkaɓe takalminka kafin ka sa ƙafa. Ka ɗauki ruwan sha, kowane mutum lita 4 a yini ko fiye. Ka tuna iyakar Nijar ba ta da nisa, tudu kuma duk kama ɗaya gare su, kada ka yi nisa ba ɗan jagora.

Batun wuta da shara shi ne ya fi muhimmanci. Kada ka sari ɗanyen itace ko da reshe ɗaya ne. Kirare da busasshen kashin shanu sun isa dafa shayi. In ka gama ka kashe wutar, ka binne tokar. Leda da gwangwani kuwa ka koma da su gida, gama akuya ko saniya in ta haɗiye leda sai ta yi ta ramewa har ta mutu, mai ita kuwa ba zai manta da cewa baƙi ne suka kawo ba. A shekarun nan tuddan Tulo-Tulo sun yi suna, mutane suna zuwa daga nesa ɗaukar hoto. Abin murna ne, amma in kowane mai zuwa zai bar ledarsa, ba da daɗewa ba mutanen wurin za su gaji da mu.

Na san akwai masu cewa zamanin kwanan daji ya wuce, ƙasa ba lafiya. Ba na raina wannan magana. Duk wanda ya girma a jihar nan ya tuna da dokar ta-ɓaci ta 2013 da abin da ya jawo ta, ya san kuma abin da ya sa mutanen ƙauye ba su ƙara amincewa da wutar da ba su san mai ita ba. Amma ku duba, wannan dalili ne na ƙara yin sallama. In akwai abin tsoro a wani yanki, Bulama ne zai fara sani, shi ne kuma zai ce maka kada ka je. In ya ce haka, ko jami'an tsaro suka ce, sai ka naɗe tantinka ka koma, ba gardama. Wanda ya ɓuya a daji don kada a gan shi, shi ne ya sa kansa cikin hatsari biyu, na miyagu da na mutanen kirki masu tsaron garinsu.

Akwai kuma masu dariya, suna cewa wanda Allah ya ba ɗaki da katifa me zai kai shi kwana a yashi, ai wannan aikin Turawa ne da abinci ya yi wa yawa. To, ni malamin makaranta za ni zama, ga kuma amsata. A gwajin koyarwa na yi darasi a kan kwararowar hamada, na zana tudu a allo, na rubuta fari na 1973 da na 1984, yara suka kwafa, na koma ina jin na yi aiki. Sai da na kwana a can na ga goriba da yashi ya binne har wuya, kanta kaɗai ya rage a waje, na ji dattijo yana nuna tsakiyar tudu yana cewa a nan gidan ubansa ya ke, sa'an nan na gane ban san abin da na koyar ba. Mutanen Kaska da maƙwabtansu da wannan su ke kwana su ke tashi. Gani ya kori ji. Yaya za mu koya wa yaro ya ƙaunaci ƙasar da mu kanmu ba mu taɓa kwana a kanta ba?

Abin da ke ba ni tsoro shi ne filin zangon kansa yana ƙanƙancewa. Daga arewa yashi yana cin kwari. Daga kudu, tun da aka gama madatsar Tiga cikin 1974 da ta Challawa cikin 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamar Haɗeja da Nguru ta canza, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoma da makiyaya suka matsu a wuri ɗaya. Jama'a ta ƙaru, gona tana shiga burtali, ko da ya ke tun 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya. An sa tafkin Nguru cikin jerin fadamun duniya masu daraja cikin 2000, an kafa hukumar dasa shingen itatuwa don tare hamada cikin 2015, duka aikin kirki ne. Amma ba takardar da za ta tsare fili in mutanen da ke kusa da shi ba su ga amfaninsa ba. Mu masu zuwa yawon buɗe ido, in aka rufe zango, hutu kaɗai muka rasa. Bafillacen da ke kora shanu zuwa mashaya, da mai jaki da ya ɗauko kanwa, da matafiyin da dare ya yi masa, su ne za su rasa wurin sa haƙarƙari.

Saboda haka ina da shawara uku. Ta farko ga ƙananan hukumomin Yusufari da Nguru da Bade: a zauna da Lawanai da Bulamai, kowane gari ya nuna filin zangonsa, a kafa masa alama, a rubuta shi cikin littafi, don kada wani ya wayi gari ya mai da shi gonarsa ko ya sa masa kuɗin shiga. Ta biyu ga hukumar kwalejinmu: a yarda ɗalibai su kafa ƙungiyar kwanan daji, kowace shekara da hunturu a fita sau ɗaya tare da malamin labarin ƙasa, da takardar gabatarwa zuwa ga hakimi, kowane ɗalibi kuma ya dasa itace guda a garin da ya sauke mu. Ta uku gare mu, 'yan'uwana ɗalibai. Gobe za a rarraba mu ƙauyuka, waɗansunmu a bakin tuddan nan za su zauna. Mu koya wa yara taswira da kamfas, amma mu haɗa musu da abin da ni ba a haɗa mini ba, watau in ka iso wuri ka nemi mai shi ka gaishe shi.

Wanda ya ke son zuwa hutun bana ya same ni bayan darasi, in gaya masa motar da zai shiga da abin da zai ɗauka. Sunan garin da muka sauka kuwa ba zan rubuta shi a nan ba, sai na koma na nemi izinin Bulama tukuna. Allah ya kai mu hunturu lafiya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.